Filin Mata: In Intanet Ya Riƙa Yankewa A Kwamfutar Gida

Wasiƙun da suka zo mana kwanan nan da yawansu kukansu ɗaya ne, watau kwamfutar tebur ta gida tana cikin aiki sai intanet ya yanke, a jima kaɗan ya dawo, ya sāke yankewa. Wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce. Yarinya tana cika takardar neman shiga makaranta, ta kai ƙarshe, sai abu ya tsaya, ga ranar rufewa ta matso. Uwargida tana magana da ɗanta da ke karatu a nesa, sai fuskarsa ta daskare. Tun shekarar 2015 jarrabawar JAMB duka a kwamfuta ake yinta, saboda haka 'yar da ke gwaji a gida ba ta da lokacin ɓatawa.

To, kafin ki ɗauki kuɗin cefane ki ba mai gyara, ga abin da za ki yi da kanki.

Da farko ki san hanyar da intanet ke bi. Daga kamfani yake zuwa ga ɗan akwatin nan mai fitilu da ake kira rauta, daga rauta kuma ya shiga kwamfuta, ko ta igiya ko ta iska, wanda ake ce wa waifai. Ashe ke nan wurare huɗu ne laifi ke iya ɓuya: kamfani, rauta, hanyar da ke tsakani, da kwamfutar kanta. Aikinki shi ne ki gane wanne ne.

Ki samo littafin rubutu. Duk sa'ad da ya yanke ki rubuta lokaci, da abin da ake yi a gidan, da yadda fitilun rauta suke. Kwana uku sun isa. Sa'an nan ki haɗa wayar hannunki da waifan gidan, ki kashe datar wayar. In kwamfuta ta yanke amma waya tana aiki, laifin yana wajen kwamfuta ko igiyarta. In duka biyu sun yanke tare, ki juya wajen rauta da kamfani.

Abu na biyu, wutar lantarki. In wuta ta ɗauke ko da na ƙiftawar ido ne, rauta takan mutu ta sāke tashi, tashin kuwa yakan ci minti ɗaya ko biyu. Haka yake in an juya daga wutar gari zuwa janareta, ko in wuta ta yi rauni. In littafinki ya nuna yankewar tana bin wannan, maganinta ƙaramin batirin ajiyar wuta ne da za a jona wa rauta. Ki duba soket kuma, kada kan filogi ya zama yana rawa.

Na uku, igiya. Ki bi ta da hannu daga kwamfuta har rauta. Ɓera yakan ci ta, ƙafar kujera takan danne ta, ƙofa takan matse ta. A kowane bakinta akwai ɗan harshen roba da ke riƙe ta, in ya karye sai ta riƙa zamewa duk lokacin da aka share ɗaki. Ki tura ta har ki ji ta ce ƙas. Akwai ɗan haske a ramin da take shiga, in yana mutuwa sa'ad da kika motsa ta, ki canza igiya. Kuɗinta bai kai na mai gyara ba. Irin wannan igiya tana aiki har tsawon mita 100, don haka nisan ɗaki ba zai hana ba.

Na huɗu, waifai. Bangon siminti da ƙofar ƙarfe da firiji duk suna tare shi. Ki ɗora rauta a wuri mai tsawo, a sarari. In mai layin waya ce a ciki, ki kai ta kusa da taga. Rautoci da yawa suna da zango biyu, 2.4 da 5. Na 5 ya fi sauri amma ba ya jure bango, na 2.4 ya fi nisa amma maƙwabta sun cika shi. Ki gwada kowanne na yini ɗaya. In ɗan abin kama waifai yana maƙale a bayan kwamfuta jikin bango, ki dawo da shi gaba. Amma gaskiya, kwamfutar tebur ba yawo take yi ba, igiya ta fi mata kwanciyar hankali.

Na biyar, zafi da ƙura. Mu mata muna son rufe kaya da ƙyalle mai ado, amma kada ki rufe rauta. Ramukan jikinta na shan iska ne. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a ƙasarmu yakan kai digiri 40, in ta yi zafi ainun sai ta riƙa tsayawa. Da hunturu ki riƙa share mata ƙura da busasshen tsumma, bayan kin zare ta daga wuta. In ta rikice ki zare ta, ki ƙirga talatin, ki mayar. Amma ɗan ramin nan na bayanta da ake tsokana da allura, ki bar shi, gama zai goge dukan shirin da aka yi mata.

Na shida, kwamfutar kanta. Windows takan kashe na'urar kama intanet don tattalin wuta. Ki danna maɓallin Windows tare da X, ki zaɓi Device Manager, ki buɗe sunan na'urar intanet ɗin, ki nemi shafin Power Management, ki cire alamar da ke ba kwamfuta izinin kashe ta.

Ga kuma gwaji don 'yan makaranta. Ki danna maɓallin Windows tare da R, ki rubuta cmd. A baƙin allon da zai fito ki rubuta ping, sarari, lambar rauta, sarari, -t. Lambar takan kasance a ƙarƙashin rauta, sau da yawa 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Wannan kamar sallama ce, kwamfuta tana yi rauta tana amsawa. Ki buɗe allo na biyu ki yi haka da 8.8.8.8, wadda ke can waje. In amsar rauta ce ke ɗaukewa, matsalar tana cikin gida. In rauta tana amsawa amma ta waje ta yi shiru, matsalar daga rauta ne zuwa kamfani.

In ya tabbata daga waje ne, ki fara duba ko data ta ƙare. Ki canza kalmar sirrin waifai, kada 'ya'yan unguwa su zama suna sha da kuɗinki. Yankewar da ke zuwa da dare kullum, sau da yawa cunkoson jama'a ne. Wani lokaci kuma abin ya fi ƙarfin kowa, kamar ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka lalace, intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma.

Sa'an nan ki kira kamfani da littafinki a hannu, ki faɗa musu rana da lokaci, ki karɓi lambar ƙorafinki ki rubuta. In ba su yi kome ba, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, tana da lamba 622, kiranta kyauta ne.

Gargaɗi ɗaya: abu ɗaya za ki canza a lokaci guda, ki jira ki gani, in ba haka ba ba za ki san abin da ya warkar ba. Ke kuma mai takardar makaranta, kada ki jira ranar ƙarshe, ba a fafe gora ranar tafiya. Uwargida, ki zauna tare da 'yarki ku yi gwajin nan, ita da allo ke da littafi.

Allah ya ba 'ya'yanmu sa'a. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.