Lafiyar Iyali: Garin tsiro a kunun yaye

Uwa ta dama kunun hatsi, ya yi kauri, yaro ɗan wata takwas ya kasa haɗiyewa. Sai ta ƙara ruwa. Yaro ya sha, ciki ya cika tam, amma rabin abin da ya sha ruwa ne. Haka yara da yawa ke ramewa a karkara, alhali ga hatsi a rumbu.

Abin da ke sa kunu kauri shi ne sitaci, irin wanda masu wanki ke sa wa tufafi. Shi ya fi yawa cikin hatsi, da dawa, da masara, da rogo. Sitaci sukari ne a jere kamar ƴaƴan tasbaha, kuma jiki ba ya amfana da shi sai an tsinka jerin. Mai tsinkawar wani sinadari ne da likitoci ke kira amilaz. Akwai shi cikin miyau, shi ya sa wanda ya daɗe yana tauna burodi yakan ji zaƙi. Sauran aikin a ƙaramin hanji ake ƙare shi. Na ƙaramin yaro kuwa bai gama ƙarfi ba.

Sukarin da ya shiga jini, in ya yi saura, hanta takan ɗaure shi ta ajiye. Sunan wannan ajiya gilikojen, kamar giram 100 a hantar babba. Mai azumi da shi yake wuni: wani sinadari na ɓallo shi ɗaya-ɗaya zuwa jini. Rumbu ne ƙarami, da ƙyar yake wuce kwana guda. Na yaro bai kai nan ba.

To, ƙwayar hatsi ma tana yin amilaz in ta fara tsira. A jiƙa hatsi dare ɗaya, a baza cikin buhu mai danshi kwana 2, a shanya ya bushe ƙarau. A murje tsiron da saiwar a zubar, balle na dawa, don yana da guba. Sannan a daka.

Uwa ta dama kununta da kauri, ta sauke, ya ɗan huce, domin tafasa na kashe sinadarin. Ta zuba ƙaramin cokali ɗaya na garin, ta motsa. Kafin minti 10 kunu ya tsinke, ba a ƙara ko ɗigon ruwa ba, ga ɗan zaƙi. Sai ta mayar da shi wuta ya tafasa kafin ta ba yaro.