Waiwaye: Abin da ake ƙirgawa a lissafin ridoks

A zamaninmu na sakandare, babu darasin kemistiri da ke sa aji ya yi tsit irin daidaita ikweshan ɗin ridoks. Hadda aka ba mu: raba shi gida biyu, cike oksijin da ruwa, cike haidirojin da H⁺, sannan ka zuba ilektiron. Da haddar muka shiga jarrabawar WAEC, da yawa kuma suka ci. Amma da za ka tsayar da ɗayanmu ka ce me ake daidaitawa, sai ya ce maka atam. Nan gizo ke saƙar.

Ɗauki wayar tagulla ka tsoma a ruwan silba naitiret. Ba a jima ba azurfa za ta fara tsirowa a jikinta, ruwan kuma yana rikiɗa zuwa shuɗi. Ɗalibi zai rubuta Cu + Ag⁺ → Cu²⁺ + Ag, ya ƙirga tagulla ɗaya a kowane gefe, azurfa ma haka, ya ajiye biro. Da sauran aiki. Cajin hagu 1 ne, na dama 2. Tagulla ta saki ilektiron biyu, azurfa guda kuwa ɗaya kawai take iya karɓa, dole a nemo mata 'yar'uwa. Ciniki ne: abin da ya fita daga aljihun mai saye shi zai shiga na mai sayarwa, ko kwabo ba ya ɓata a tsakani.

Su kansu masanan sun daɗe kafin su kai nan. A 1789 Antoine Lavoisier ya rubuta a littafinsa cewa nauyin sinadarai kafin haɗuwa da bayanta ɗaya ne. Sai a 1897 J. J. Thomson ya gano ilektiron a Ingila. A tsakanin nan, a 1846, wani Bafaranshe, Frédéric Margueritte, ya fito da hanyar auna yawan ƙarfe da ruwan famanganet. Ya san nawa ke cinye nawa, bai san abin da ke sauya hannu ba.

Duk wanda ya taɓa yin wannan gwaji da hannunsa ba ya mantawa. Ɗigo shunayya ya faɗo daga buret, ka jujjuya kwalbar, launin ya ɓace. Wani ya faɗo, ya ɓace. Can sai ɗigo guda ya ƙi tafiya, ruwan ya tsaya ruwan hoda. Ƙarfen ya ba da duk abin da zai iya bayarwa ke nan. Manganis ɗin da ke cikin famanganet ya sauko daga +7 zuwa +2, wato ilektiron 5 yake nema, kowane ƙarfe kuwa 1 yake bayarwa:

MnO₄⁻ + 5Fe²⁺ + 8H⁺ → Mn²⁺ + 5Fe³⁺ + 4H₂O

Tara cajin ka gani: 17 a hagu, 17 a dama. Yaron da ya gane daga ina biyar ɗin nan ta fito, ko matakan sun kwanta masa a ɗakin jarrabawa, zai sake gina su da kansa.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne uzurin da ake yawan kawowa, wai babu kayan gwaji. Gaskiya ne, makarantu da dama ko buret ba su da shi. To amma marina fa? Baban rini ba ya narkewa a ruwa sai ya karɓi ilektiron 2, kuma ƙananan halittun da ke ruɓar da shi cikin ruwan toka a karofi su ke ba shi. Shi ya sa zane ke fitowa daga ramin da kore-kore, sai ya sha iska oksijin ya ƙwace ilektiron ɗin, ya koma shuɗin da ke kama zare. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna wannan aiki tun kaka da kakanni. Malamin da ke kusa da marina ya nemi izinin masu ita, ya kai ajinsa su ga an tsamo zane, sannan a dawo gaban allo a tambaye su wa ya bayar, wa ya karɓa, kuma nawa.