Harajin Ribar Ba-zata da Hilar Masu Lissafi

Tun da gwamnati ta saki naira a watan Yunin 2023, har dalar da ake saya naira 460 da 'yan kai ta haura 1,500 a farkon 2024, ɗan kasuwar Tambuwal da manomin Kebbe mai neman taki suka ɗanɗana kuɗarsu, alhali bankunan da suka tara dala sun wayi gari da riba mai ɗimbin yawa, wadda ba guminsu ne ya kawo ta ba. Don haka babu mai adalcin da zai zargi Shugaba Tinubu da ya nemi rabin wannan riba a watan Yulin 2024, ko Majalisar Tarayya da ta ɗaga rabon hukuma zuwa kashi 70 cikin ɗari, daga 2023 har ƙarshen 2025.

Sai dai kash, an rataya harajin ne a kan ribar da ta tabbata, wato wadda aka yi cinikinta ta shigo hannu, aka ƙyale wadda take rubuce a littafi kawai. Kuma da yake lokacin ciniki yana hannun banki, shi ne kuma yake raɗa wa kowace riba suna a lissafinsa, to, duk wanda aka ce zai ba da bakwai cikin goma idan ya sayar bana, ba zai ba da ko anini ba idan ya jinkirta har wa'adi ya wuce, ai an koya masa jinkiri ke nan. Ba na tuhumar wani banki da ha'inci, domin galibin wannan hila ba ta saɓa wa lafazin doka, kuma nan ne illarta take.

Irin wannan hila ba sabuwa ba ce: dattawan ƙasarmu sun san yadda garke yake ragewa idan masu ƙirgar jangali sun doso, ya kuma cika bayan sun juya baya. Fuƙaha'u sun riga 'yan boko fahimtar wannan ɗabi'a, shi ya sa shari'a ta hana raba garke ko haɗa shi don tsoron zakka, malaman Malikiyya kuwa suka hukunta cewa wanda ya musanya dabbobinsa dab da cikar shekara da nufin gudu, zakkar tana nan a wuyansa, domin su manufa suke dubawa da ƙarinar da ke nuna ta, ba zahirin ciniki kaɗai ba.

Abin da ya wajaba ga Sanata Aminu Waziri Tambuwal da sauran wakilanmu shi ne su nemi hukumar haraji ta gwada abin da kowane banki ya bayyana mata da abin da ya kai wa Babban Banki, ta kuma bi diddigin dalar da aka riƙe har wa'adin ya ƙare sannan aka sayar, a karanta sakamakon a zauren Majalisa.