Karatu Ta Intanet: Baƙon Da Ya Shiga Ɗakin Malam Ba Sallama

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san gida yana da iyaka. Baƙo yakan tsaya a zaure ya yi sallama, in mai gida ya ga dama ya fito su gana a nan, amma cikin gida na iyali ne, shi ya sa har akan rubuta "Ba Shiga" a bakin ƙofa. To, a cikin shekarar 2020 an yi wani baƙo wanda ya wuce zaure, ya ratsa tsakar gida, ya zarce har ƙuryar ɗakin malaman makaranta a ƙasashe da yawa na duniya. Baƙon nan kuwa shi ne kyamarar wayar hannu da ta kwamfuta, wadda aka umarci malamai su kunna su koyar da ɗalibansu kai tsaye daga gida, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe makarantu.

Annobar ta wuce, yara sun koma aji, amma tambayar da ta taso a lokacin har yanzu ba a amsa ta sosai ba a Nijeriya. Watau, shin mai makaranta ko iyayen yara suna da ikon tilasta wa malami ya buɗe ɗakinsa ga idon jama'a? Maganar ta shafi 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal ta fuska biyu, domin 'ya'yansu suna karatu a makarantun waɗannan garuruwa, kuma a cikinsu akwai malamai maza da mata masu koyarwa a makarantun kuɗi da na Islamiyya a unguwanni irin su Agege da Idi-Araba da Sabo.

Yadda Abin Ya Faro

Hukumar Ilmi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ƙiyasta cewa a watan Afrilu na 2020 rufe makarantu ya shafi ɗalibai fiye da miliyan 1,500. A Ingila an rufe su ran 20 ga watan Maris, a Nijeriya ma Gwamnatin Tarayya ta ba da umarnin rufewa a cikin watan na Maris, kuma galibin yara ba su koma ba sai wajen Satumba da Oktoba. Gwamnatocin jihohi kamar Legas da Kaduna suka koma ga rediyo da talabijin, su kuwa makarantun kuɗi suka rungumi WhatsApp da Zoom, don iyaye su ga ana aiki su ci gaba da biya.

Kamfanin Zoom da kansa ya bayyana cewa masu shiga taro ta hanyarsa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamba na 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilu na 2020. An gina manhajar ne don taron 'yan kasuwa da ma'aikatan ofis, sai ga shi cikin 'yan makonni ta zama ajin yara. Gaggawar da aka yi ba ta bar wurin tsara ƙa'ida ba, kuma ba a daɗe ba sai ɓarna ta fara bayyana.

Ran 30 ga watan Maris, 2020, ofishin hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, da ke Boston ya yi gargaɗi bayan da wani mutum ya kutsa cikin darasin wata makarantar sakandare a Jihar Massachusetts, ya yi ashar, sa'an nan ya ɗaga murya ya faɗi adireshin gidan mai koyarwa yara suna ji. A watan Afrilu Ma'aikatar Ilmi ta ƙasar Singafo ta dakatar da amfani da Zoom na ɗan lokaci, saboda wasu sun kutsa cikin darasin labarin ƙasa sun nuna wa yara hotunan batsa. Hukumar makarantun birnin New York ita ma ta hana shi a watan, ba ta janye hanin ba sai a watan Mayu. Daga baya, a 2021, kamfanin ya amince ya biya dala miliyan 85 don kashe ƙarar da aka kai shi a Amurka a kan kutse da miƙa bayanan mutane ga wasu kamfanoni.

Kukan Malamai

A Ingila babbar ƙungiyar malamai, NEU, ta shawarci 'ya'yanta a 2020 da kada su riƙa koyarwa kai tsaye ta bidiyo daga gidajensu. Wasu jaridu da 'yan siyasa suka ce lalaci ne kawai. Amma wanda ya natsu ya duba hujjojin malaman zai ga sun kasu kashi huɗu, kuma kowanne yana da tushe.

Na farko shi ne ɗakin kansa. Kyamara ba ta zaɓen abin da za ta nuna. Tana ɗaukar gado da labule da kayan sawa, da yaron da ya shigo a guje ba riga, da muryar matar gida daga madafa. Shawarar da aka ba malamai a Ingila ita ce su nemi bango wanda ba kome a jikinsa, su kuma guji ɗakin kwana. Shawara ce mai kyau ga mai ɗaki huɗu. Malamin da ke haya a ɗaki ɗaya a Mushin ko Ajegunle, inda ɗakin kwana shi ne falo shi ne wurin cin abinci, ina zai sami wannan bango? Ga gidan Musulmi kuma abin ya fi nauyi, domin matar da ke cikin ɗakinta ba ta saka mayafi, kuma giftawa ɗaya ta bayan mijinta ta isa yara 40 da duk wanda ke zaune kusa da su su gan ta.

Na biyu shi ne naɗa. Abin da malami ya faɗa a aji yakan tsaya a aji, amma abin da ya faɗa a gaban kyamara ana iya naɗe shi, a yanka, a liƙa masa wata magana, a watsa. Ko da mai makaranta ya toshe hanyar naɗa a cikin manhaja, yaro yana iya ɗora wata wayar a gaban allon ya ɗauka, ba wanda zai sani. Magana zarar bunu ce, balle hoto. A watan Nuwamba na 2021 ƙungiyar shugabannin makarantu ta Ingila, ASCL, ta kai kuka ga gwamnati saboda yara suna buɗe shafukan ƙarya a TikTok da sunan makarantunsu, suna sa hotunan malamai suna yi musu ƙazafi. Wannan ya nuna abin da kan faru idan hoton malami ya faɗa hannun yaron da ke jin haushinsa.

Na uku shi ne masu saurare a ɓoye. A aji malami ya san fuskar kowa. A intanet kuwa yaro yana iya kashe kyamararsa, uwa ko uba ko maƙwabci ya zauna a gefe yana ji, malami bai sani ba. Kuskuren harshe ɗaya, ko tsawa ɗaya da aka yi wa yaro, sai ta zama abin tattaunawa a zauren iyaye na WhatsApp kafin la'asar. Malamin makarantar kuɗi wanda ba shi da takardar ɗaukar aiki mai ƙarfi yana iya rasa abincinsa a kan wannan. Su ma yaran ana tona musu asiri, domin wanda ya kasa amsa tambaya, iyayen wasu sun ji shi.

Na huɗu shi ne lambar waya. A Nijeriya galibin malamai da wayarsu da kuɗin datarsu suka yi aikin, don haka lambarsu ta shiga hannun kowane yaro da kowane uba. Daga nan sai kira da tsakar dare, da saƙonnin da ba su dace ba, musamman ga malamai mata 'yan mata. A ƙasar da ake satar mutane don neman fansa kuwa, bayyana lambar mutum da fasalin gidansa da fuskokin 'ya'yansa ba abin wasa ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Hujjar Iyaye

Adalci ne a faɗi cewa iyaye ma suna da tasu hujja. Wanda ya biya kuɗin makaranta da gumin goshinsa, daga fataucin shanu ko gwari ko canjin kuɗi, yana son ya ga malami yana koyarwa da idonsa, takardar da aka turo ta waya ba ta gamsar da shi. Ƙaramin yaro kuma yakan fi mai da hankali in yana ganin fuskar malaminsa, yana tambaya ana ba shi amsa nan take. Har wa yau, ta fuskar yaro ne malami kan gane wanda ba shi da lafiya ko wanda ake cuta a gida. A watan Janairu na 2021, da aka sake rufe makarantun Ingila, Ministan Ilmi na lokacin, Gavin Williamson, ya ce iyayen da ba su gamsu ba suna iya kai ƙara ga hukumar duba makarantu, Ofsted.

Abin lura shi ne, a cikin watan nan ne ita hukumar Ofsted ta fitar da bayani cewa kuskure ne a ɗauka darasin kai tsaye shi ne mafi kyau a koyaushe. Ta nuna cewa darasin da aka naɗa tun da wuri yana da nasa amfani, tun da yaro yana iya tsayar da shi ya sake saurare. Ingila ta ma kafa makarantar intanet mai suna Oak National Academy a watan Afrilu na 2020, wadda darussanta naɗaɗɗu ne. Ke nan ingancin koyarwa shi ne ginshiƙi. A Nijeriya kuwa, inda wuta ke ɗaukewa kuma data ke da tsada, naɗaɗɗen darasi ko saƙon murya ya fi isa ga yaran talakawa, domin gidan da ke da waya ɗaya sai uba ya dawo daga kasuwa da dare yaro zai same ta.

Abin Da Doka Ta Ce

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa kariyar sirrinsa da na gidansa da wasiƙunsa da maganganunsa ta waya. Malami bai ajiye wannan haƙƙi a ƙofar makaranta ba ranar da aka ɗauke shi aiki. Lokacin annobar, abin da ke akwai shi ne ƙa'idar kare bayanai ta 2019 wadda hukumar NITDA ta fitar. A watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan cikakkiyar Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, NDPC. Bisa ga wannan doka, mai tattara bayanan mutum, har da hotonsa da muryarsa, dole ya kasance da dalili halattacce, ya tsaya ga gwargwadon bukata, kada kuma ya riƙe su fiye da lokacin da ya kamata. Inda aka dogara ga amincewar mutum, tilas ta zama da son ransa, a kan yara kuma sai da yardar iyaye.

A nan ne gizo yake saƙa. Malamin da aka ce masa ya kunna kyamara ko ya ajiye aiki, in ya ce ya yarda, da wuya a kira wannan yarda da son rai. Malaman gwamnati suna da ƙungiyar NUT da za ta yi magana da yawunsu, amma galibin malaman makarantun kuɗi ba su da mai tsaya musu, alhali su ne aka fi matsa wa a 2020, har da yawa daga cikinsu suka yi watanni ba albashi.

Abin Yi

Kada mai karatu ya ɗauka cewa maganar ta wuce tare da korona. A 2014 cutar Ebola ta sa an ɗage komawa makaranta. Bayan satar ɗaliban Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, jihohin Arewa da dama sun rufe makarantu. Ambaliya da yajin aiki da tsadar mota duk suna iya sake mayar da aji cikin waya, kuma tuni wasu iyaye a Kudu suke ɗaukar malaman Alƙur'ani da na darasin yamma ta bidiyo.

Saboda haka ya kamata kowace makaranta ta rubuta ƙa'idarta tun yanzu. In ana son darasin kai tsaye, a ware ɗaki a makaranta malami ya je can ya koyar. In tilas ne daga gida, a bar masa zaɓin kashe kyamara ya nuna allon rubutu da muryarsa kaɗai, domin dabarar ɓoye bayan mutum da ke cikin manhajojin nan ba ta aiki a kan ƙananan wayoyi da yawa, kuma ba ta toshe sautin cikin gida. Makaranta ta ba da layin waya da data nata, a sa kalmar sirri a kowane darasi, a kuma tantance mai shiga. A bayyana a rubuce wa ke da ikon naɗa, ina ake ajiyewa, yaushe ake sharewa. Iyaye su sa hannu cewa ba za su naɗa ko su watsa ba, kuma wanda zai zauna ya saurara ya sanar da malami, kamar yadda zai yi sallama in ya zo ƙofar aji.

Sarakunan Hausawa da shugabannin unguwanni da kwamitocin iyaye da malamai na makarantun Islamiyya a Kudu suna iya fara wannan ba tare da jiran gwamnati ba, tun da ba ya cin kuɗi mai yawa. Uban da ba zai yarda yara 40 su leƙa ɗakin matarsa ba, bai kamata ya nemi malamin ɗansa ya yarda da haka ba. Tun ran gini ran zane.