Ku Daina Kiran Church Maƙaryaci

Har yau akwai masu cewa Frederic Church yaudara ya yi, wai don babu inda mutum zai tsaya a doron ƙasa ya ga abin da ke cikin zanensa "The Heart of the Andes". Lallai babu. To, sai me?

Sau biyu Ba'amurken nan ya je Kudancin Amurka, a 1853 da 1857, yana bin sawun masanin nan Humboldt. A Ekwado ya yi ta ɗaukar siffar dutsen Chimborazo, da ganyaye, da gajimare, da fensir da fentin mai, takarda bayan takarda. Sai da ya koma New York ya harhaɗa su a zane ɗaya mai faɗin mita uku: kurmi a ƙasa, ƙanƙara a ƙololuwa. A 1859 sama da mutum 12,000 suka biya kuɗi suka kalla, wasu har da tabarau na hangen nesa don kada ganye ɗaya ya wuce su. Wannan ce yaudarar?

In tuhuma kuke nema, ga ta gaske: duk faɗin zanen nan, 'yan ƙasar da ya sa a gaba mutum biyu ne 'yan mitsi-mitsi a gindin gicciye, bishiya ta fi su daraja.