Gyaran moto yana son sikeli kafin guduma

A ƙasar Kurfai, daga Shikal zuwa kasuwar Filinge, moto ya zama jakin zamani. Shi ke ɗaukar hatsi, shi ke kai maras lafiya likita. Lokacin da hukuma ta hana zirga-zirgar motoci masu ƙafa biyu a jihar Tilaberi a farkon shekara ta 2020 saboda matsalar tsaro, talakawa sun ga irin darajar wannan ƙarfe. Abin da ke da daraja haka bai kamata a bar gyaransa a hannun ƙiyasi ba.

Cikin injin moto akwai fistan mai hawa da sauka, akwai kuma ƙarfe mai juyawa wanda maƙera suka yi wa nauyi daidai da na fistan ɗin. Idan inji yana juyi 6000 a minti ɗaya, fistan yana hawa da sauka sau 100 a kowace daƙiƙa. Idan gudun inji ya ninka biyu, ƙarfin girgiza yana ninka huɗu. Saboda haka, in makaniki ya sa sabon fistan wanda nauyinsa ya saɓa wa na asali, moto zai riƙa karkarwa, kusoshi su kwance, inji ya mutu kafin lokacinsa. Mai moto kuwa ya sayar da akuya ya sake biya.

Masu farfaɗo da tsofaffin motocin tsere a Ingila ba su ɗaura fistan sai sun auna shi a sikeli, giram bayan giram. Wannan aiki haƙuri yake so da sanin lissafi. Soichiro Honda na Japan yaron gareji ne tun farko. A 1959 motocinsa suka shiga tseren tsibirin Man, a 1961 suka ci nasara.

Ya kamata magabatan gundumar Kurfai ta Tsakiya da masu kula da cibiyoyin koyon sana'a su shirya wa makanikai horo, su kuma tanadar musu ƙananan sikeli. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci sun riga sun iya karanta lamba da rubuta ta, don haka su ne ya dace su shige gaba. Mai moto shi ma ya daina gaggauta makaniki, domin sauri ya haifi nawa.