Huda ƙarfen tsohuwar Fijo: sannu ba ta hana zuwa

Wannan makon zancen mota za mu yi, don da yawanmu a Dougoï da sauran unguwannin Marwa muna da tsohuwar Peugeot 504 a-kori-kura da muke son tayarwa. Tun 1968 Faransa ta fara ƙera 504, daga baya aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna. Mota ce mai jure wahala, amma ƙarfenta ba ya son wasa.

Inda bakanike ya fi shan wuya shi ne wajen huda sifirin na baya, ko ciro noti da ya karye a ciki. Ƙarfen sifirin an gasa shi ne musamman don ya yi tauri. In yaron gareji ya sa masa bakin diril na gama-gari, ya sake wa injin gudu, sai bakin ya yi baƙi ya dakushe, wurin kuma ya ƙara tauri. An yi asara biyu ke nan.

Abin da nake gaya wa masu mota shi ne: Alhaji, sayi baki mai sinadarin kobal, wanda ake rubuta wa M35 ko M42. Araha ba ta ado. A ɗaure ƙarfen tamau, a buga masa alama da ƙusa mai tsini, a fara da ƙaramin baki kafin babba. A rage gudun injin sosai, a danna da ƙarfi, ana ɗiga mai kada ya yi zafi. In ka ga ɓarɓashin ƙarfe na fitowa a murɗe, aiki na tafiya. In ƙara kawai kake ji da hayaƙi, ka ce a tsaya.

Sai gargaɗi. Wani zai ce bari ya hura wa sifirin wutar walda har ya yi ja, huda ta yi sauƙi. Gaskiya ne za ta yi, amma ƙarfen ya mutu ke nan. Ranar da ka lafta buhunan albasa ka kama hanyar Mora zuwa Kuseri, ko ka nufi Garwa, a rami ɗaya zai iya lanƙwashewa ko ya karye, ga kaya ga rayuka a mota. Gara ka canza fallen gaba ɗaya.

Allah ya kai mu lafiya, ya sa albarka a kasuwa. Sai mako mai zuwa.